Minti Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Lambu

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafin ɗakin tantabaru ne. Shekara talatin da takwas matata Noreen ke rubuta shi: wacce ta yi ƙwai, wane ya dawo daga tsere, da ƙarfe nawa ya shiga. Tunda ta haɗa akwatinta ranar Asabar ta tafi gidan ƙanwarta Glenda, ni zan riƙa rubutawa kafin ta dawo. Rubutuna ba kyau, dama kuma ba don kyau ake yi ba.

Maza goma sha biyu, lafiya lau. Mata goma sha biyu a nasu ɗakin, lafiya lau. Saja, gwanin tsere a cikin mazan, ya ci, ya yi wanka. Iska daga yamma.

Na ba ta zuwa Juma'a.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Ba ta dawo ba, sai ni na nuna wa mazan matansu da kaina. Aikinta ne a da, kuma ba ta taɓa yin sa da daɗin rai ba. Tsarin gwauranci muke kiran abin. Mako guda namiji ba ya ganin matarsa. Ranar Juma'a ka shigo da ita, ya gan ta minti biyu, ka ɗauke shi ka sa a kwando, mota ta kai shi can kudu a sake shi gobe da safe. Ya san tana cikin akwatinsa tana jira, don haka ba ya tsayawa ko shan ruwa. Ka ajiye abin da tsuntsu ke so a gida, shi zai kawo kansa. Iyakarta ke nan, kuma ta ciyo min kofi goma sha tara.

A ƙungiyarmu ta masu tseren tantabaru Wilf Oldroyd ya karɓi kwandona yana wani murmushi. Wilf tun muna makaranta bai taɓa ganin abu ya rufe baki ba.

Ya ce, “Tsoho, ashe tsarin naka ya biyo ka har ɗaka? Wa ke nuna maka taka ranar Juma'a?”

Na ce ya ji da tsofaffin kajinsa da yake kira tantabaru. Sai ya ce ai ya gan ta jiya a farfajiyar cocin tsakiyar gari, sanye da 'yar shara ruwan ɗorawa, cikin masu kallon shaho, har tana raba takardu.

Masu kallon shaho. Bara tantabaruna bakwai wannan tsuntsun ya ci, Noreen ce ma ta rubuta su a nan da hannunta, shafi na tara daga baya. Mutane suka hau hasumiyar coci da igiya, suka kafa masa akwati, suka zuba masa tsakuwa, suka sa masa kyamara don duniya ta ga yadda yake fige dukiyar mutane. Ni da na nemi izinin ƙara wa ɗakin tantabaruna taku huɗu, wata tara aka yi ana juya ni daga wannan ofis zuwa wancan.

Glenda ce ta ja ta, ba ko tantama. Gidanta na kallon hasumiyar, kuma ba ta da aikin yi tun da mijinta ya huta da ita.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Saja na uku a ƙungiya. Babu wanda ya kawo shayi lambu.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga gari sayen masarar tantabaru, hanya ta bi da ni ta gaban coci. To, ba ainihin hanyar ba ce, amma ana bi.

Su kusan ashirin ne, galibi tsofaffi irina, kowa da filas ɗin shayi da hular ulu, sun ɗaga kai sama sun saki baki. Madubin hangen nesa uku a kan ƙafafu. Shugabansu wani Mista Pickersgill ne, tsohon malamin makaranta, mai gajeren wando a wannan sanyin, gwiwoyinsa sun yi fari fat. Ya tare ni yana washe baki, wai in leƙa, kyauta ne, uwar tana kwanci a kan ƙwai huɗu, kuma wannan shi ne tsuntsu mafi gudu a duniya. Na ce masa mafi gudu daga sama zuwa ƙasa, ko tubali ka saki daga hasumiyar nan zai yi gudu. A kai shi mil ɗari uku a sake shi cikin hazo, in ya gane hanyar gida sai mu yi magana. Ya yi dariya ya ce ina da barkwanci. Har biskit ya miƙo min.

Na gan ta. Tana can gefen kaburbura da wata mata, tana nuna wa wani mai keken guragu inda zai duba. Dariya take yi. Ta sa gyalen Glenda, wanda bai yi mata kyau ba. Wuyanta ya ɗan rame, ko kuma gyalen ne.

Ban je wurinta ba, kuma ina da dalili. Tsuntsun da ya sauka a rufin wani ba a bin sa. Ka bi shi, ya tashi ya ƙara nisa. Sai dai ka tsaya a gidanka, ka kaɗa gwangwanin masara a lokacin da ya saba, ka jira. Duk yaron da ya taɓa riƙe tantabara ya san wannan.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Wasiƙa ta zo mata, farar ambulan da tambarin asibiti. Ban buɗe ba, ba na buɗe wasiƙar mutane. Na soke ta a bayan agogon falo.

Ta san za ta zo, sun gaya mata za su rubuto. Yanzu akwai abin da take so a gidan nan. Na ba ta zuwa Lahadi.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Waken gwangwani da burodi. Na share ɗakin mata.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Ta bar kwamfutarta a kicin, na gano yadda ake buɗe kyamarar hasumiyar. Don sanin lokacin farautarsa nake kallo, in san sa'ar da zan saki nawa, ba don wani abu ba.

An ƙyanƙyashe uku jiya, na huɗu yau da safe. Wasu munanan abubuwa kamar audugar da aka tsamo daga kwata. A ƙasan hoton mutane na ta rubutu, wata wai har ta yi hawaye. Wani daga wata ƙasa can bayan teku wai bai yi barci ba. Za a sa 'yan makaranta su zaɓa musu sunaye.

Namijin ne ya fi ba ni haushi. Ƙarami ne, matar ta kusan ninka shi. Ya kamo, ya fige tas, ya kawo mata har gabanta, ta fizge ba ko godiya, shi kuma ya ja gefe ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. In ta tashi miƙe fiffike, ya lallaɓo ya kwanta a kan 'ya'yan, bai ma iya rufe su duka ba. Bawa ke nan da baki mai lanƙwasa. Wannan ne wai sarkin tsuntsaye.

Na yi awa ɗaya da rabi ina kallo, shayina ya huce.

Asabar, 3 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Saja na biyu. Mai Tabo, ɗansa na bara, na tara. Wasiƙar tana nan.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An turo takarda ta ƙasan ƙofa daga gidan tarihi. Wai aikin fasaha na jama'ar gari, sunansa “Abin da Muke Jira”. Kowa ya zo ya ɗinka ɗan ƙyalle, a harhaɗa su a yi ƙaton zane a rataya don murnar 'ya'yan shaho. A gefen zanen kuma, ji wannan, za a jera zobban ƙafar tantabarun da 'yan sa-kai ke tsinta a gindin hasumiya. Sun tara fiye da ɗari biyu a kwalba, kuma suna alfahari da haka.

Kowane zobe akwai lamba, kowace lamba akwai mai ita. Wanda ya tsinci zobe ya kai rahoto, mai tsuntsu ya san ƙarshen tsuntsunsa ya daina kallon sama. Haka muka taso. Waɗannan kuwa za su yi wa labule ado da su.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je. Gidan tarihin ai tsohuwar masaƙarmu ce, inda na yi shekara talatin da ɗaya har kunnena na hagu ya mutu. Injina na nan a bene na ɗaya, an zagaye shi da jar igiya, an rubuta kada a taɓa. Sun ɗaura masa bel a baibai.

Ɗakin ɗinkin na sama, inda a da muke shanya ulu. Mata wajen goma da maza biyu da ya kamata su ji kunya, sun kewaye tebur suna huda yatsunsu. Mai aikin wata Tamsin ce da aka ɗauko daga babban birni, gashinta rabi shuɗi, sanye da rigar makanikai wadda ba ta taɓa ganin baƙin mai ba. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Na yi zaton za ta yi musu, sai ta dafa ƙirji ta ce wannan shi ne ainihin muryar da aikin ya rasa, in zauna in ɗinka fushina. Na ce fushina ba ya buƙatar allura, kwalbar nake so. Ta ce kwalbar ta jama'a ce yanzu.

Da ta ji sunana sai ta ce, “Au, Mista Ramsden! Kai ne mijin Noreen? Ita ce ai gwanarmu, duk ita ke gyara mana kurakurai. Yau dai ba ta jin daɗi, ba ta fito ba. Zo ka ga nata.”

Ban ce ina so ba, ta ciro ta shimfiɗa. Sauran duk shirme ne: bas, jariri, rana mai murmushi, wani ma kwalbar giya ya ɗinka. Na Noreen kuwa koriyar ƙofar lambu ce, da sakatarta da ta karkace, ɗinkin ya yi sumul kamar na kanti. Babu mutum a ciki, babu tsuntsu. A ƙasa ta sa lamba 11 da jan zare.

Tamsin ta ce kowa na tambayar ma'anar lambar, Noreen ta ƙi faɗa, ko ni na sani? Na ce wataƙila lambar gida ce. Gidanmu lamba 46 ne.

Ban samo kwalbar ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta sau ɗaya in huta, tunda har an kai abin gidan tarihi.

Ba ni na sa mata ganin likita ranar Asabar ɗin da ta bar gida ba, kuma ba ni na sa ta zama ranar tseren farko na shekara ba. Ita da bakinta ta ce in zauna, bas zai kai ta har ƙofar asibitin, gwaji ne kawai. Da ta dawo Saja na zagaye a sama. Tana sanye da jar kwat. Duk wanda ya zauna a gidan nan ya san ba a motsi in tsuntsu zai sauka, ba a shanya, ba a buɗe ƙofa, don agogon tsere ba ya ƙirga tsuntsun da ke kan rufi, sai wanda ya shiga ɗaki. Na ɗaga mata hannu, ta tsaya a ƙofar lambu. Ta sha tsayawa haka, ba sau ɗari ba. Saja ne ya ga dama ya zauna a kan rufin yana gyaran gashi, ba ni na riƙe shi ba.

Ban san ta duba agogonta ba.

Daga baya ta shigo. Ta dafa shayi, ta ajiye min nawa, ta hau sama. Ban tambaye ta abin da suka ce ba, saboda ba ta faɗa ba. Mutum in yana da magana ai faɗa yake yi.

Shi ke nan. Iska daga arewa.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Ruwa tun asuba. Ban saki kowa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Waya ta yi ƙara, na kusa faɗuwa a kan tabarmar ƙofa wajen ɗauka. Glenda ce. Daga uwata sai ita ke kiran cikakken sunana, kuma ita tana furta shi ne kamar ta tsinci gashi a miya.

Ta ce, “Clifford, akwai abin da ya zo wa Noreen nan gidan?”

Na ce, “In akwai abin da ya zo mata, ta san hanya. Ba a canja makulli ba.”

Na ji kamar akwai wani kusa da ita yana numfashi. Sannan ta ce to, ta ajiye.

Ga shi nan. Ta fara zagaye. Tsuntsu in ya fara leƙen gida daga nesa, saura kaɗan. Na goge tebur, na sayo irin biskit ɗin da take so mai citta.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Goma sha ɗaya sun dawo. Saja bai dawo ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Bai dawo ba. Shekara biyar bai taɓa kwana a waje ba.

Jiya da rana, tsakanin dawowar na bakwai da na takwas, na leƙa kwamfuta. Bawan nan ya kawo shuɗiyar tantabara mai jan zobe, ya riga ya cire kan. Rabin tantabarun ƙasar nan shuɗɗa ne, kuma duk 'yan shekararsa jan zobe gare su. Ba a ganin lamba. A ƙasa wata ta rubuta wai abincin rana ya iso, ta sa hoton zuciya.

Ka'ida ita ce a mayar da mace ɗakin mata bayan awa guda. Na bar tasa a akwatinsa ta kwana. Tana ta juyi a kan kaskon sheƙa, duk motsin da ta ji a ƙofa sai ta miƙe wuya. Ban iya tsayawa kallonta ba.

Ina baƙin ciki. Babu wanda zai karanta wannan, don haka na rubuta. A tafin hannuna na ciyar da shi lokacin da uwarsa ta ƙi shi, Noreen na jiƙa masa wake a kofin shayinta.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Yau sun hau hasumiya da igiya da hular kwano sun sa wa 'ya'yan shahon zobba. Su ma sun koyi sa zobe ke nan. Aka auna su a jaka kamar dankali, jama'a na tafi a ƙasa, Pickersgill na jawabi da lasifika. An raɗa wa ɗaya suna Walƙiya. Walƙiya ya yi kashi a hannun mai riƙe da shi, wannan kaɗai ne abin hankalin da aka yi a wurin.

Na tsaya bayan motar mai kifi da dankali. Na ƙirga masu 'yar shara sau biyu. Ba ta cikinsu.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Mako shida yau. Tsuntsun da ya yi mako shida a ɗakin wani, ya ci a can ya kwana a can, galibi ya saba. Ba duka ba. Tsofaffi sun fi wuyar sabawa, akwai wanda ya dawo min bayan shekara biyu.

Wilf ya ce in bar taurin kai in sayi fure in je. Wilf ya yi aure sau uku, shi ne kuma mai ba da shawara.

Biskit ɗin ya yi laushi, na ba tantabaru.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na ciro wasiƙar, na ɗaga ta a hasken taga. Ba a ganin komai. Na mayar.

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Ta zo.

Zan rubuta shi yadda ya faru. Babban tsere ne yau, daga gaɓar teku, an sake su ƙarfe bakwai. Na lissafa ba za a ga tsuntsu kafin ƙarfe ɗaya ba. Ƙarfe ɗaya saura kwata ina zaune a kan akwati a lambu da gwangwanin masara a cinya, sai na ji takun da na sani a kan titi. Ba jar kwat ɗin ba ce, wata ruwan toka ce ta Glenda, ta yi mata yawa. Ta tsaya a bakin ƙofar lambu, ta dafa sakata. Ta rame sosai, ba gyale ba ne.

Ta ce, “Cliff.”

Na miƙe. Na rantse na miƙe ne don in je wurinta, har na ɗaga ƙafa. A daidai nan inuwa ta gifta a kan ciyawa. Mai Tabo ne, shi kaɗai, ya faɗo daga kudu kamar an jefo shi, kwata guda kafin lokacin da kowa ke tsammani. Ya yi zagaye ɗaya ya nufo rufi. Ita kuma ta fara ɗaga sakatar, wadda ke ƙara tun bara ban sa mata mai ba.

Hannuna ya tashi.

Ban ce masa ya tashi ba. Na ga tafina a sama yana fuskantarta, kamar na ɗan sandan hanya, ɗaya hannun kuma na kaɗa gwangwani. Ta dubi hannun, ba ni ta duba ba. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta saki sakatar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, don ta san aikin fiye da kowa.

Ta ce, ƙasa-ƙasa, “Shigar da shi, kar ya wuce ka.”

Mai Tabo ya shiga bai ko taɓa rufi ba. Na shiga bayansa, na kama shi, na cire zoben robar tsere na jefa a agogo na murɗa. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Da na fito babu kowa a ƙofa. Na leƙa titi, na hango ta ta kusa kwana, tana tafiya a hankali tana dafa katangar mutane. Na biyu da na uku suna zagaye a sama a lokacin.

Ta bar abu a kan ginshiƙin ƙofar. Jan zobe ne, an wanke shi tas, an zura masa koren zare an ƙulla. Lambarsa ta ƙare da 4417, na Saja ne. Cikin zobba ɗari biyu da wani abu ta gane shi, ba ta kuwa da littafin nan a hannu. Ta hana su rataya shi a labule, ta kawo wa mai shi yadda aka saba.

Sai yanzu da nake rubutu na tuna da wasiƙar.

Lahadi, 1 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na sa kwat ɗin jana'iza, na ɗauki wasiƙar na kai. Bas ba ya aiki sosai ran Lahadi, na taka. A farfajiyar coci sun cika maƙil, wai yau ko gobe na farko zai tashi, sun tanadi kwali da tawul ko zai faɗo. Pickersgill ya ɗago min hannu. Ban ga abin raini a wurin ba yau, ko kuma ban duba da kyau ba.

Glenda ta buɗe ƙofa iyakar faɗin jikinta. Ta karɓi ambulan ɗin, ta farke a gabana, ta juyo min da takardar. An rubuta ta je ranar Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe tara da rabi na safe, kada ta ci komai, kuma ta zo da wanda zai raka ta gida.

Na ce a buga musu waya gobe da sassafe. Glenda ta ce ai su suka bugo, washegarin ranar da ba ta je ba. An ba wani gurbin nata. Sun sa mata wata rana a tsakiyar Yuli, likitan kuma bai ji daɗin jinkirin ba, abin ba ya jira. Ban tambayi wane abu ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Na ce to me ya sa ba su zo sun karɓa ba tun ranar da ta bugo min?

Ta ce, “A karɓi me, Clifford? Takardar ta riga ta mutu. Ni cewa na yi bari in je in fasa maka taga, ita ta hana ni. Ta ce a bar ka, tana so ta ga ko za ka kawo da ƙafarka. Kwana goma sha shida tana zaune a tagar nan tana kallon titi, ni ina zaton tsuntsaye take kallo. Jiya ta ce wataƙila kunya ce ta hana ka, bari ta rage maka hanya.”

Na ce ina so in gan ta. Ta ce tana kwance, tafiyar jiya ta kayar da ita. Ta ce kuma akwai saƙo: in haɗa mata sauran kayan sanyinta da keken ɗinkinta, Glenda za ta turo mota ranar Laraba. Littafin tantabaru kuwa in riƙe.

Na tsaya a ƙasan benen na ɗan lokaci ina kallon tagar. Labulen bai motsa ba.

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Wilf ya bugo. Mai Tabo ne na ɗaya, ba a ƙungiyarmu kaɗai ba, a duk yankin, cikin tsuntsu dubu huɗu. Shekara talatin da takwas nake neman wannan. Ya ce da daƙiƙa arba'in na tsere wa na biyu, da na yi ko tari da ta wuce ni.

Na fita lambu na auna. Daga akwatin da nake zama zuwa ƙofar taku tara ne.